Ƙullutun Gindin Inabi: Cutar da Ake Sayowa Tare da Dashe

A lambun kawuna da ke shan ruwan madatsar Bakolori, can gefen Talata Mafara, akwai 'yan rumfunan inabi da ya kafa bayan ya je Kudan a jihar Kaduna ya ga yadda mutanen can suka mai da wannan itace sana'a. A shekara ta biyu da dasawa, lokacin da yake sa ran soma cin moriyar kuɗin da ya zuba a ƙarafa da waya da taki, sai ya lura cewa wasu itatuwan sun tsaya cak, ganyensu ya ƙanƙance ya koma rawaya, alhali maƙwabtansu a layi ɗaya suna ta shimfiɗa rassa. Da yake ya san na karanci aikin gona, ya aika aka kira ni. Muka durƙusa a gindin ɗaya daga cikinsu, ya yaye ciyawa da hannu, sai ga ƙullutu ya bayyana kamar tsawon tafin hannu daga ƙasa, daidai inda aka yi wa itacen aure, wato inda aka haɗa reshen wani inabi da gindin wani suka zama itace ɗaya. Sabon da ke fitowa fari ne mai laushi, farce yana shigarsa kamar ɗanyen dankali. Tsohon kuwa ya yi baƙi, ya bushe, ya yi kaushi kamar dunƙulen daddawa, ɓawon itacen ya tsage yana reto a gefensa zare-zare. Kawu ya ce, "Ɗana, sau biyu ina fere abin nan da wuƙa, na shafa toka, na shafa baƙin mai, na yi masa feshin maganin da nake yi wa tumatir, amma sai ka ce taki nake ƙara masa." Na ce, "Kawu, sai haƙuri, abin nan a cikin jikin itacen yake, kuma ina kyautata zaton tare da shi ka sayo dashen."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi yi masa nauyi, kuma ita ce nake so mu tsaya a kanta, domin noman inabi yana shigowa Zamfara da Kebbi ta hannun mutane masu ƙwazo waɗanda suka saba da cututtukan tumatir da albasa da shinkafa, inda idan an ga alama sai a ruga shagon maganin feshi. Cutar ƙullutun gindi ba ta bin wannan tsari. Duk abin da manomi zai iya yi a kanta mai amfani, mafi yawansa yana faruwa ne tun kafin ya haƙa ramin dashe, sauran kuma yana cikin yadda yake riƙe almakashi da fartanya.

Ƙwayar cutar bakteriya ce ke haddasa ta. Wani masanin tsirrai ɗan Italiya, Fridiano Cavara, ya ciro bakteriya daga ƙullutun inabi tun a 1897, sannan a 1907 Erwin Smith da Charles Townsend a Amurka suka tabbatar da cewa bakteriya ce ke sa tsiro ya yi irin wannan ƙari. Wadda suka gano ita ce ake kira Agrobacterium tumefaciens, kuma tana kama nau'o'in tsirrai fiye da 600. Daga baya aka fahimci cewa inabi yana da tasa ta daban, wadda ta saba da jikinsa har tana iya cin sinadarin tsamin da ke cikinsa a matsayin abinci. A 1990 Kathy Ophel da Allen Kerr a Ostareliya suka ba ta suna Agrobacterium vitis, kuma a littattafan baya-bayan nan za a same ta da sunan Allorhizobium vitis. Wannan bambanci ba na masana kaɗai ba ne, domin shi ne dalilin da ya sa wasu dabarun da ke aiki a kan wasu itatuwa ba sa aiki a kan inabi, kamar yadda za mu gani.

Yadda take aikinta shi ne ya sa feshi ba ya taɓa ta. Idan itace ya ji rauni, wurin yakan fitar da wasu sinadarai domin ya warke, su kuma waɗannan sinadaran su ne ke sanar da bakteriyar cewa ƙofa ta buɗe. A cikin jikinta akwai wani ɗan zobe na ƙwayoyin gado, wanda masana a Jami'ar Gent ta ƙasar Beljiyam suka gano a 1974. Sai ta yanki wani sashe na zoben ta tura shi cikin ƙwayar halittar itacen, ya je ya manne a cikin ƙwayoyin gadon itacen kansa, abin da Mary-Dell Chilton da abokan aikinta suka nuna a 1977. Wannan sashe yana ɗauke da umarni iri biyu. Na farko yana sa ƙwayoyin itacen su riƙa samar da sinadaran girma ba ƙaƙƙautawa, su yi ta rabuwa suna yawaita babu tsari, wannan shi ne ƙullutun da ido ke gani. Na biyu yana sa su riƙa dafa wani abinci na musamman wanda itacen ba ya amfana da shi, bakteriyar ce kawai ke ci. Da ɗan gari akan ci gari: ta mai da jikin itacen ya zama ɗakinta da rumbunta, kuma itacen ne ke biyan kuɗin ginin da ruwansa da abincinsa. Tun a farkon shekarun 1940 Armin Braun da Philip White suka nuna cewa idan wannan sauyi ya riga ya auku, naman ƙullutun yana ci gaba da girma ko da babu sauran bakteriya ko ɗaya a cikinsa. Saboda haka ko da a ce maganin feshi zai kashe duk wata bakteriya da ke bayan ɓawo, umarnin ya riga ya shiga, kuma babu maganin da ke goge shi.

A nan ya dace in faɗi wani abu a taƙaice. Wannan dabara ta bakteriyar ita ce masana suka ara, suka cire umarnin da ke kawo cuta suka sa wanda suke so, kuma ta wannan hanya aka samar da waken nan mai jure tsutsar da ke huda kwanso, SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019. Wanda ya shuka wannan wake ya riga ya ci moriyar binciken da aka faro a kan ƙullutun itace.

Ɓarnar da ƙullutun ke yi ta danganta da inda ya fito da kuma shekarun itacen. Yana tasowa ne daga siririn sashen nan mai rai da ke tsakanin ɓawo da itace, inda jijiyoyin da ke kai ruwa sama da masu sauko da abinci zuwa saiwa suke samuwa. Idan ya fito a gefe ɗaya na babban itace, itacen yana iya rayuwa shekaru yana ba da 'ya'ya, sai dai ƙarfinsa ya ragu. Idan kuwa ya zagaye gindin ƙaramin itace, to ya shaƙe shi ke nan, duk abin da ke sama zai bushe, kuma wannan ya fi faruwa a shekaru biyu ko uku na farko, lokacin da manomi bai ma fara mai da kuɗinsa ba. Bakteriyar inabi tana kuma ruɓar da sassan saiwa. 'Ya'yan da itace mai ƙullutu ya haifa ba su da illa ga mai ci, asarar ta mai lambu ce.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da ita shi ne iya ɓuya. Tana zama a cikin jijiyoyin ruwa na itacen, tana yawo tare da ruwan jikinsa daga saiwa zuwa rassa, kuma tana iya yin shekaru a haka ba tare da ƙullutu ko ɗaya ya fito ba. Thomas Burr na Jami'ar Cornell a Amurka ya shafe shekaru masu yawa yana bincike a kan wannan hali nata. Ma'anarsa a aikace ita ce, itacen da ke da ganye shar da 'ya'ya reto-reto yana iya kasancewa ɗauke da ita, kuma duk reshen da aka yanka daga jikinsa domin dashe yana iya tafiya da ita. To, ku dubi yadda muke samun dashen inabi a nan. Mutum ya ga itace mai kyau a lambun abokinsa, ranar da ake yi masa aski sai ya roƙi rassa, a ɗaure masa dami a ba shi kyauta, shi ma bayan shekara biyu ya ba wani. Mai renon dashe a bakin titi ya sayi rassa daga lambuna uku ko huɗu ya haɗa su wuri ɗaya, ya jiƙa su a ruwa ɗaya, ya yi musu aure da wuƙa ɗaya. Babu mai mugun nufi a cikin wannan sarƙa, kuma kyautar iri tana cikin kyawawan halayenmu, amma ita ce hanyar da ta fi kowace sauƙi ga wannan cuta. Kawu ya sayi nasa ne a cikin baƙaƙen ledoji, daga hannun wani da shi kansa bai san lambun da aka yanko su ba, kuma ya zaɓe su ne saboda sun fi na wani wuri araha.

Tun da rauni ne ke tayar da ita, dole a tambaya: wane rauni? A ƙasashen sanyi kamar arewacin Amurka da Kanada da gabashin Turai, babban mai laifi shi ne sanyin ƙanƙara da ke tsaga jikin itace, shi ya sa yawancin shawarwarin da ake samu a intanet suke magana a kan tara ƙasa a gindi kafin lokacin sanyi da guje wa kwarin da sanyi ke kwanciya. Manomin Gusau ko Argungu da ya karanta wannan zai iya cewa abin bai shafe shi ba tun da ƙanƙara ba ta sauka a nan, kuma wannan kuskure ne. Raunukanmu na hannu ne. Akwai na aure, wanda shi ne na farko a rayuwar itacen. Akwai na aski, kuma a ƙasashe masu zafi, inda inabi ba ya yin dogon barcin sanyi, akan yi masa aski sau biyu a shekara, wato almakashi yana ziyartarsa ninki biyu. Akwai bakin fartanya da ke ɗan taɓa gindi lokacin noma, wanda ɗan ƙwadago ba zai ma lura ba balle ya faɗa. Akwai wayar ɗauri da ke nutsewa cikin ɓawo yayin da itacen ke kauri, da akuyar da ta tsallaka shinge ta gwagwiyi gindi, da gara, da ƙananan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani waɗanda ke huda saiwa. Wanda ke kankare ɓawo da gangan domin 'ya'ya su yi girma shi ma yana buɗe ƙofa.

Akwai wani abu game da zafi da ya kamata mu sani. An daɗe da gano cewa tura ƙwayoyin gadon nan daga bakteriya zuwa tsiro yana tafiya sosai a yanayi mai sanyi-sanyi, wajen digiri 20 da ɗoriya, kuma yana tsayawa idan zafi ya kai kusan digiri 32. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana a wannan yanki ke haura digiri 40, yanayin bai dace da ita ba. Amma zafi ba ya fitar da ita daga jikin itace, jira kawai take yi. A ganina, lokutan da ya fi dacewa mai lambu ya tsananta kula su ne hunturu, da dare da safiya ke yin sanyi, da kuma tsakiyar damina, lokacin da sanyi da laima suke haɗuwa, ruwan sama kuma yana fantsama ƙasa a kan sabon rauni. Yin aski a ranar da babu hadari, da barin raunin ya bushe kafin a yi ban ruwa, abu ne da ba ya cin ko kwabo.

Dashe mai tsabta na gaskiya ana samunsa ne ta hanyar ɗaukar ɗan mitsitsin kan tsiro, inda bakteriyar ba ta cika kaiwa ba, a rene shi a cikin kwalba a ɗakin gwaji, sannan a gwada shi a tabbatar. Wannan aiki ya fi ƙarfin manomi ɗaya. Aikin cibiyoyi ne, kuma muna da su: akwai ta Samaru, akwai cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Ibadan mai reshe a Bagauda ta jihar Kano, akwai Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, da jami'ar jihar Kebbi a Aliero, da Jami'ar Tarayya ta Gusau. Ina ganin lokacin da ya dace ɗaya daga cikinsu ta kafa lambun uwa na inabi da aka gwada, wanda masu renon dashe za su riƙa yanka daga gare shi, shi ne yanzu da lambunan ba su yi yawa ba, domin idan dashen da ba a san asalinsa ba ya riga ya cika fadamu, gyaran zai ninka tsada. Wanda kuma zai shigo da dashe daga Indiya ko Masar ko Afirka ta Kudu, ya bi ta hannun hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa, kada ya cusa rassa a cikin jakar tafiya.

Kafin a kai ga haka, mai saye yana da abin yi. Ya je lambun da za a yanko masa rassan da ƙafarsa, ya durƙusa ya duba gindin itatuwan, har da na gefe, kuma idan ya ga ƙullutu ko a itace ɗaya ne ya haƙura da lambun gaba ɗaya. Idan dashen ya riga ya yi saiwa a leda, ya fasa 'yan kaɗan ya duba saiwar da mahaɗar auren. Wannan ba zai kama wadda ta ɓuya ba, amma zai kawar da mafi muni.

Akwai kuma dabarar ruwan zafi, wadda ake tsoma rassan dashe a ruwa mai zafin digiri 50 na tsawon minti 30. Tana rage yawan bakteriyar ƙwarai amma ba ta ƙarar da ita, kuma tana da sharaɗi mai wuya a wurinmu: an tsara ta ne domin rassan da suka yi cikakken barcin sanyi, namu kuwa ba sa samun irin wannan barci, saboda haka idanun tsironsu sun fi saurin ƙonewa. Wanda zai gwada ya zaɓi rassan da suka ƙosa suka yi ruwan ƙasa, ya sami ma'aunin zafi na gaske, ya riƙa motsa ruwan, ya tsoma su a ruwan sanyi da zarar ya fitar, kuma ya fara da guda ashirin ya ga nawa za su tsiro kafin ya sa dukiyarsa duka. Auna zafi da yatsa ba ya aiki a nan, domin tazarar da ke tsakanin zafin da ke rage cuta da wanda ke kashe reshe 'yar kaɗan ce.

Zaɓin gindin da za a yi aure a kansa yana taimakawa. Inabin ci da muka sani, na jinsin Vitis vinifera, yana da rauni ga cutar, alhali wasu gindaye da aka samo daga inabin dajin Amurka, irin su Riparia Gloire da 3309 da 101-14, sun fi juriya. Sai dai an zaɓo su ne domin ƙasashen da yanayinsu ya bambanta da namu, kuma juriyar gindi ba ta hana ƙullutu fitowa a kan reshen da aka aura idan shi ne ya zo da cutar.

Wani zai ji labarin maganin halitta da ake kira K84, wata bakteriya marar cutarwa da Allen Kerr ya gano a farkon shekarun 1970, wadda ake tsoma saiwar dashe a cikinta. Ta yi nasara sosai a kan itatuwa da furanni da dama, amma ba ta aiki a kan bakteriyar inabi, kuma duk wanda ya sayar wa mai inabi da ita a matsayin kariya ya sayar masa da abin da ba zai amfane shi ba. Akwai wata mai suna F2/5 da aka samo a Afirka ta Kudu, wadda ta nuna tana hana ƙullutu fitowa a kan inabi a gwaje-gwaje, sai dai ita ma kariya ce da ake sa wa rauni kafin cuta ta riga ta, ba ta warkar da itacen da ya kamu. Haka magungunan da ake shafa wa ƙullutu domin ya bushe: suna kashe naman da ya fito, bakteriyar da ke cikin jijiya kuwa tana nan. Baƙin mai ma ƙona ɓawo mai rai yake yi, ya ƙara faɗin raunin.

Ba kowane kumburi ne wannan cuta ba, kuma bai kamata a tumɓuke itace a kan zato ba. Mahaɗar aure takan yi tudu mai santsi lokacin da take warkewa, wanda ba ya ci gaba da girma kuma ba ya farfashewa. Tsutsotsin ƙasa suna sa ƙananan ƙulle-ƙulle a kan siraran saiwoyi, irin waɗanda ake gani a saiwar tumatir da kuɓewa. Ƙullutun bakteriya shi ne mai kaushi, marar siffa, mai girma yana tsaga ɓawo, wani lokaci ya jeru ya hau jikin itacen. Tabbaci na ƙarshe a ɗakin gwaji yake, kuma sabon ƙullutu fari ne ake kaiwa, domin tsohon da ya bushe ya cika da wasu ƙwayoyin da ke ɓata gwaji.

A lambun kawu mun bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan da ƙullutu ya zagaye, mun tone su da saiwarsu gwargwadon yadda za mu iya, muka kwashe su a buhu zuwa wajen lambu muka ƙona, domin ƙullutun da ya ruɓe ya faɗi yana zuba bakteriya a ƙasa, kuma an nuna cewa tana rayuwa a cikin guntayen saiwar inabi da suka rage a ƙasa aƙalla shekara biyu. Waɗanda ƙullutun ya tsaya a gefe ɗaya kuma suke da ƙarfi, mun bar su, muka ɗaura musu jan ƙyalle, muka zaɓi sabon tsiro daga ƙasan ƙullutun amma saman mahaɗar aure muka ɗaga shi zuwa rumfa, domin idan tsohon jikin ya mutu a sami na biyu. Wannan dabarar barin itace da jiki biyu manoman ƙasashen sanyi ne suka saba da ita, kuma ta dace da mu. Masu jan ƙyalle su ne na ƙarshe a ranar aski, ana tsoma almakashi a ruwan bilic ko sifirit tsakanin itace da itace, kuma an hana yankar musu reshe domin dashe, ko wane ne ya roƙa. Ciyawar da ke dab da gindi yanzu da hannu ake cire ta. Ruwan da a da yake bi ta layin masu cutar ya gangara zuwa masu lafiya, an canza masa hanya, an kuma ɗaga kunya yadda ba zai kwanta a gindi ba, sannan ya rage takin zamani mai sa ganye, domin yawansa yana sa jikin itace ya yi taushi.

Gurbin waɗanda aka tone shi ne ya fi yi masa wuyar bari, domin ƙarafan rumfa suna tsaye a kai babu abin da suke ɗauke da shi, kuma mutane sun yi ta kawo masa tayin sabon dashe. Ya shuka gero a wurin da damina, da rani kuma ya sa albasa, tun da dangin hatsi da albasa ba sa cikin tsirran da wannan cuta ke kamawa, kuma ya ce ba zai mai da inabi a ramukan ba sai damina uku ta wuce.